Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan yadda taki ke yawo a teku mai ɗumi

Duk shekara in na zauna duba takardun jogirafi, amsoshi iri ɗaya nake cin karo da su a babin teku. Ban ga laifin yaran ba. Wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram, iyakar saninsa da ruwa dam ne da kududdufi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne zaton cewa ruwa mai ɗumi, garai-garai, shuɗi shar, shi ne mai albarka. A teku wannan shuɗin alamar yunwa ce. Abincin kifi yana farawa ne daga wasu ƙananan tsirrai masu shawagi, dangin gansakuka, da ido ba ya gani. Suna bukatar rana da taki, wato naitret da fosfet da ɗan sinadarin ƙarfe. Matsalar ita ce hasken ranar da zai ishe su ba ya wuce zurfin mita 200, shi kuwa takin yana can ƙasa, inda duk abin da ya mutu yake nutsewa ya ruɓe. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar faifai a bakin ƙwarya.

A aji nakan zuba zoɓo mai sanyi, marar sukari, a gindin kofin gilashi, in bi da ruwan ɗumi a hankali ta bayan cokali. Ja yana ƙasa, fari yana sama. Sai in ce wa yaro ya hura bakin kofin. Saman yakan girgiza, zoɓon ko gezau. Daga ranar, duk tambayar da aka yi masa kan yawan kifi a wani yanki, abin da zai fara nema shi ne: me ke ɗago ruwan ƙasa a wurin?

Wannan kofin ya kuma warware ruɗanin da ake yi tsakanin igiyar ruwa da kwararar ruwa. Igiya ɗaga ruwa take ta sauke shi kusan inda yake. Kwarara ita ce mai dako.

Sai batun iska, inda har masu ƙoƙarin ajin ke tuntuɓe. Suna rubuta cewa inda iska ta nufa nan ruwa yake bi. A 1905 wani masani ɗan Suwidin, Ekman, ya nuna cewa juyawar duniya tana karkatar da ruwan saman teku zuwa dama da iska a arewacin ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, zuwa hagu a kudu. A gaɓar Muritaniya da Sanagal iska tana kaɗawa daga arewa, tana bin gaɓa, ruwan saman teku ya yi yamma, nesa da gaɓa, na ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Ku zana kibiya biyu a takarda, ta iska daban, ta ruwa daban, ba za ku rikice ba.

Amma kada a kwashe wannan bayani a ɗora wa Gana kai tsaye. Can ma ruwan ƙasa yana tasowa daga Yuli zuwa Satumba, zafin saman teku ya sauko daga kusan digiri 28 zuwa ƙasa da 25, sai dai iska ita kaɗai ba ta isa ta yi aikin ba. Kwararar Gini mai nufar gabas da motsin da ke zuwa ta cikin ruwa daga tsakiyar Atilantika suna da hannu. Lokacin ne kwale-kwalen Elmina da Tema ke dawowa maƙil da kifin da mutanen can ke kira amane, mata su yi banda, a yi lodinsa zuwa Kumasi da Tamale.

Guguwar cikin ruwa kuwa, yara suna zana ta kamar rami mai haɗiye jirgi. Ainihinta wani ƙaton kewayen ruwa ne da ya ɓalle daga babbar kwarara. A Tekun Meksiko faɗin wasu yakan kai kilomita 300, suna tafiyar hawainiya zuwa yamma wata da watanni, wanda ke cikin jirgi ma bai san yana kanta ba. Kuma iri biyu ce. A arewacin ikwaita, wadda ke juyawa saɓanin hannun agogo, yadda ake ɗawafi, tana janyo ruwan sanyi sama, tsakiyarta ta yi kore. Mai bin hannun agogo tana danna ruwan ɗumi ƙasa, cikinta fayau. Irin wannan ruwan ɗumi mai zurfi ne mahaukaciyar guguwar Katrina ta bi ta kai a 2005 ta ƙara ƙarfi. A kudancin ikwaita a juya lissafin. Rabin makin da ake asara a nan ne.

Akwai kuma masu cewa taki ba ya yawa. Takin gonakin Amurka da kogin Misisifi ke kwasowa yana sa gansakuka ta yi tsiro fiye da kima, ta mutu, ruɓewarta ta shanye iskar numfashi a ƙasan ruwa, kifi ya gudu, abin da bai iya gudu ba ya mutu.

Wanda kuma ya rubuta cewa koguna da ƙasan teku ne kaɗai hanyar taki, nakan ce masa ya leƙa taga ranar hunturu. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, yana ɗauke da ƙarfe da fosfet, kuma wani kasonsa a Atilantika yake zuba.