Yadda Ake Rage Ƙiba Ga Mai Ciwon Suga, Hawan Jini Ko Wani Ciwo Mai Daɗewa

Yawancin shawarwarin rage ƙiba da ke yawo a wayoyi an rubuta su ne don mai lafiya garau, wanda ba ya haɗiyar ƙwaya safe da yamma. Shi idan ya tsallake abinci, iyakarsa yunwa da ɓacin rai. Mai shan maganin suga kuwa idan ya kwaikwaye shi, ana iya ɗaukarsa ranga-ranga. Na ga mutane da dama sun fara da zafinsu, mako biyu sun watsar, kuma ba lalaci ne ya kayar da su ba. Jiri ne, da karkarwa, da gwiwar da ta kumbura. Ni ma ina cikinsu, shi ya sa ba zan ɓata lokaci ina gaya maka cewa zaƙi da maiƙo suna sa ƙiba ba. Ka sani.

Mataki na farko: zazzage jakar maganinka a gaban likita

Kafin ka rage ko loma ɗaya, tattara duk abin da kake sha, har da wanda ka saya da kanka da wanda wani ya ba ka, ka kai wa likitanka ko mai harhaɗa magunguna. Ka ce masa a fili: “Likita, zan rage cin abinci, wanne ne a cikin waɗannan zai ba ni matsala?” Dalilin shi ne, an auna maka maganin nan ne bisa jikin da kake da shi yanzu da irin cin da kake yi yanzu. Da zarar cin ya ragu, adadin da ya dace da kai jiya ya yi maka yawa yau.

A nan ni na faɗi. Ina shan glibenclamide kowace safiya, ga maganin hawan jini. Na wayi gari na yanke wa kaina hukunci: babu karin kumallo, abincin rana kuma rabi. Kwana uku ina jin kaina gwarzo. A na huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tsaye a layi, sai takardar da ke hannuna ta fara rawa. Zufa mai sanyi ta jiƙa mini riga, maganar mutumin da ke gabana ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Allah ya sa wata baiwar Allah ta gane abin da ke faruwa, ta zaunar da ni ta ɗura mini lemo mai zaƙi. Da aka gwada, sugana 52. Washegari likita ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, ita ƙwayar nan ba ta san ka daina karyawa ba.” Ana cewa garin neman ƙiba a samo rama, ni garin neman ramar na kusa rasa kaina.

Ga yadda abin yake. Glibenclamide da ’yan uwansa, gliclazide da glimepiride, suna matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko ka ci ko ba ka ci ba. Allurar insulin ma haka take, ba ruwanta da abin da ke cikinka. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga irin haka. To idan kana kan allura ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin can, na’urar gwajin suga ta zama dole a makonnin farko. Na san tsinken gwajin yana cin kuɗi, amma kwana ɗaya a gadon asibiti ya fi shi ci. Duk lokacin da awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 idan na’urarka da mmol/L take ƙirga, ka sha abin da ya kai giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a ruwa ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, ka jira minti 15, ka sake gwadawa. Kada ka ce ai kana rage ƙiba ba za ka sha zaƙi ba; a wannan lokacin zaƙin shi ne magani. Masu shan atenolol ko propranolol su ƙara kula, don waɗannan suna iya ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke yi wa mutum gargaɗi, sai zufa kawai ta rage masa alama.

Hawan jini ma haka. Yayin da nauyi ke sauka, jinin yakan sauka tare da shi, maganin da ke riƙe da shi daidai sai ya fara yi masa yawa. Alamar ita ce duhu-duhu a ido in ka miƙe tsaye da sauri. A binciken DiRECT da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, an ɗora masu ciwon suga nau’i na biyu a kan tsarin abinci mai tsauri, kuma tun ranar farawa likitoci suka dakatar musu da magungunan suga da na hawan jini, suna bibiyarsu. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Mutane sukan ɗauki wannan adadin su yi ta yaɗawa, su manta cewa waɗanda aka zaɓa ba su kai shekara shida da ciwon ba, ba sa allurar insulin, kuma ba su ne suka ajiye maganin da kansu ba. Kai ma kada ka ajiye da kanka. Rubuta awonka a littafi, ka kai, shi ya rage.

Ka kuma tambaya ko a cikin magungunan akwai mai ƙara ƙiba. Prednisolone, insulin, pioglitazone, amitriptyline, olanzapine, sodium valproate da pregabalin duk an san su da haka. Wani lokaci akwai madadin da za a canja maka, wani lokaci babu. Ko babu, saninsa yana hana ka zargin kanka a banza. Prednisolone musamman, wanda ya daɗe yana sha ba a yanke shi lokaci guda, sai a hankali bisa umarni.

Mataki na biyu: sa wa kanka ƙaramin buri

Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, cikin wata shida. Mai kilo 100 ya nemi zubar da kilo 5 zuwa 10, ke nan. Na san ba zai burge kowa a hoto ba, amma suga da hawan jini da maiƙon jini suna jinsa. A wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2002, waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon suga aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 da motsa jiki na minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Rabin kilo a mako ya isa, kilo ɗaya shi ne maƙura a wurina. Zubar da nauyi da gudu yana jawo tsakuwa a matsarmama, yana kuma cinye tsoka, wadda mai jinya ya fi kowa buƙata.

Mataki na uku: abinci

Fara da abin sha. Lemon kwalba, ruwan ’ya’yan itace na kwali, sukarin shayi: a cire su tukuna, a yi mako biyu ba a canja komai a sauran abinci ba. Da yawa a nan kaɗai za su ga sikeli ya motsa. Sai faranti: rabi kayan lambu, kwata abinci mai gina jiki kamar ƙwai, kifi, wake ko nama marar kitse, kwata kuma mai sitaci. Sau uku a rana, a lokaci tsayayye, a zaune, a faranti. Ni ban yarda da ci daga tukunya ko a tsaye ba, don wanda ya ci a haka bai san adadin da ya ci ba. Ban kuma yarda mai shan maganin suga ya bi tsarin tsallake abinci na sa’o’i 16 ba sai likitansa ya sa hannu.

Amma wannan farantin ba na kowa ba ne, kuma a nan masu kwafo tsari daga intanet ke shiga uku. Mai ciwon ƙoda ba zai bi tsarin “cika nama da ƙwai” ba, don yawan furotin nauyi ne a kan ƙodar da ta gaji. Wasu kuma an taƙaita musu ayaba, dankali da tumatir saboda sinadarin potassium. Gishirin nan da ake sayarwa a matsayin madadin gishiri, yawancinsa potassium ne, kuma haɗari ne ga mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril, losartan ko spironolactone. Gishiri na gaske dai a rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Mai shan warfarin kada ya tashi rana ɗaya ya ninka ganyen da yake ci, don bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Ya ci, amma daidai wa daida kullum, ya sanar da masu gwada jininsa. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin kuwa kada ya kusanci tsarin yanke sitaci gaba ɗaya, yana iya jefa shi cikin wani yanayi mai kisa da jini ke yin tsami, ko da awon suga bai nuna hawa sosai ba.

Shayin rage teɓa da ƙwayoyin “ƙona kitse” kuma, ka riƙe kuɗinka. Mafi sauƙinsu gudawa da fitsari kawai suke sa ka, ruwa ya fita ka ɗauka kitse ne, ƙoda ta sha wahala. Mafi muninsu an sha kama su da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini me ya kai shi?

Mataki na huɗu: motsi gwargwadon jikin da kake da shi

Minti 150 a mako shi ne inda za a je, ba inda za a fara ba. Fara da tafiyar minti goma bayan cin abinci, wadda ita ce ta fi taimakon suga. Awonka shi ne baki: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. Mai ciwon gwiwa ya bar gudu da tsalle. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, keke, ko motsi cikin ruwa in da hali. Tashi-zauna daga kujera sau goma, sau biyu a rana, ba ya cin ko sisi kuma yana gina cinya. Abin ƙarfafa gwiwa, a zahiri ma, shi ne kowane kilo ɗaya da ka zubar yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Kuskuren masu ciwo mai tashi da kwanciya shi ne ranar da suka ji daɗin jiki sai su rama na mako guda, sannan su kwanta kwana uku. Ranar sauƙi ka tsaya da sauran ƙarfinka, ranar ciwo ka yi ko minti biyar ne. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kada ya yi tattaki ba takalmi, ya kuma sa alewa a aljihu. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Mataki na biyar: karanta sikeli da hankali

Sau ɗaya a mako, da safe, bayan an zaga, a sikeli ɗaya. Ka haɗa da tef ɗin awo: ƙugu kada ya wuce rabin tsawonka. Banda mai raunin zuciya, shi kullum zai hau, kuma in ya ga ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙafa ta kumbura, ruwa ne ya taru, likita zai kira, ba abinci zai ƙara ragewa ba. Haka nan in nauyi yana zubewa ba tare da ka yi komai ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, kada ka yi murna, a gwada suga.

Bayan wasu watanni sikeli yakan tsaya cak. Yawancin mutane suna cin karo da wannan, don ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa. Duba barcinka, duba ko faranti ya fara girma a ɓoye, mai shan levothyroxine, maganin raunin glandar thyroid da ke wuya, kuma a sake masa gwajin TSH, wanda ake duba aikin glandar da shi. Allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic ko Wegovy, tana aiki, a gwaji ta zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, sai dai tana da tsada, tana sa tashin zuciya, kuma waɗanda suka daina sun maido da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rasa cikin shekara guda. Ta hannun likita kawai, ba ta hannun mai talla a Facebook ba. Duk kilo huɗu ko biyar da ka sauke, ɗauki littafin awonka da jakar maganin nan ka koma a sake duba adadin.