Kurakuran da sabbin shiga ke ta maimaitawa wajen zaɓen kwatabak

Duk shekara in ƙarshen Afrilu ya zo, lokacin da ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka, maganganu iri ɗaya nake ji daga bakin waɗanda ba su daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, haka ma a gasar Madden, wasan kwamfuta na ƙwallon Amurka, da muke bugawa da abokai, inda kowa ke riƙe da ƙungiya guda yana saye yana sayarwa kamar shi ne manaja. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, bari in faɗa gaba ɗaya.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai, don ni ma ya taɓa kwantar da ni, shi ne mutum ya kwashe duk abin da ya mallaka ya bayar don ya hau sama a jerin masu zaɓe ya ɗauki kwatabak guda, wato mai jefa ƙwallon nan da duk wasan ke hannunsa, sannan ya bar bayansa wayam. A shekarata ta biyu a gasarmu na ga wani yaro mai hannu kamar majajjawa, na ba wani abokinmu zaɓena na zagayen farko (zaɓen zagaye-zagaye ake yinsa, na farko shi ne mafi daraja) har na shekara uku na karɓi gurbinsa, ban tsaya nan ba na sallami tsohon kwatabak ɗina wai don in rage kuɗin albashi. Muna cikin cin wasanni, tsakiyar kaka aka danne yaron a kafaɗa. Ina riƙe da abin buga wasan hannuna ya yi sanyi, na buɗe jerin 'yan wasana na ga wanda ya rage ko jifa mai nisan yadi 20 ba ya iya kaiwa inda ake so. Na sha kashi har ƙarshen kaka, kuma abin da ya fi zafi, gurbin sama da faɗuwar tawa ta jawo, tunda ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓe, ba nawa ba ne, na riga na sayar. Garin neman gira na rasa ido, sai da na yi shekara biyu kafin ƙungiyar ta miƙe.

Kar wani ya ce ai wannan wasan kwamfuta ne. A 2021 ƙungiyar San Francisco 49ers sun haɗa zaɓen zagayen farko guda uku, har da na wannan shekarar, suka ƙara da na zagaye na uku, suka ba Miami don su hau lamba 3 su ɗauki Trey Lance, yaron da wasa 17 kacal ya fara a jami'a. Wasa huɗu ya fara musu, ya karye a idon sawu a mako na biyu na 2022, a 2023 suka miƙa shi Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu. Abin da ya rufa musu asiri shi ne ba su yi irin nawa ba, sun riƙe tsohon kwatabak ɗinsu Jimmy Garoppolo, kuma sun ɗauki Brock Purdy a lamba 262, mutum na ƙarshe a zaɓen 2022 gaba ɗaya, shi ne ya kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Fabrairun 2024. Ni yanzu dokata ita ce ba na sayar da zagayen farko sama da na shekara ɗaya gaba, kuma ba na sallamar tsoho sai sabon ya yi kaka guda cur a idona. Wasu za su ce na cika tsoro, sun ce Kansas City ma ta hau daga 27 zuwa 10 a 2017 ta ɗauki Patrick Mahomes. Gaskiya ne, amma ku tuna tsohon kwatabak ɗinsu Alex Smith na nan, shi ya buga kusan duk kakar Mahomes na zaune yana koyo.

Wanda ke biye da shi shi ne raina kwatabak ɗin da ke jira a benci. Haba jama'a, wa ke kama hanyar nesa ba safaya a but? Sai ka ji yaro na cewa ɓata gurbi ne a ɗauki kwatabak alhali akwai mai bugawa, wallahi in na ji wannan maganar raina ɓaci yake. A Disambar 2017 Carson Wentz, kwatabak ɗin Philadelphia Eagles, ya tsinke jijiyar gwiwa, Nick Foles ya tashi daga benci ya ci wa Eagles Super Bowl a hannun Patriots 41 da 33. A 2020 Eagles suka ɗauki wani kwatabak, Jalen Hurts, a zagaye na biyu alhali ba su daɗe da ba Wentz sabon kwantiragi mai tsoka ba, magoya bayansu suka yi ta kumfar baki, to wannan Hurts ɗin shi ne gwarzon Super Bowl na Fabrairun 2025. Ni na kwana a gaban talabijin ranar wasan neman shiga Super Bowl tsakanin 49ers da Eagles a Janairun 2023, Purdy ya ji ciwo a gwiwar hannu tun farkon wasa, Josh Johnson ya shigo shi ma aka buge shi a kai, dole Purdy ya dawo fili da hannun da ba ya iya jifa, yana ta miƙa ƙwallo ga masu gudu da ita, kowa a filin ya san abin da za a yi, Eagles suka ci 31 da 7. Bayan wannan ne NFL ta dawo da dokar kwatabak na uku na ko-ta-kwana, wanda zai sa kaya amma ba ya shiga sai na ɗaya da na biyu duk sun fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni uku nake riƙewa cikin 'yan wasa 53, mai bugawa, da dattijo ɗaya da ya san tsarin wasanmu, da yaro daga zagaye na huɗu zuwa na shida da nake raino, kuma duk bayan shekara biyu sai na ɗauki wani sabo ko ina buƙata ko ba na buƙata.

Amma fa kar ku ɗauki labarin Purdy da na Tom Brady, lamba 199 a 2000, ku mai da shi tsari, ku ce za ku jira zagaye na shida ku tsinci gwarzo. Sunayen waɗannan biyun kowa ya haddace ne saboda irinsu ba su da yawa, sauran da aka ɗauka a can ƙasa ko sunansu ba ku sani ba.

Sai masu jefa yaro fili ba katanga a gabansa. David Carr, lamba 1 a 2002, sau 76 aka kayar da shi a kakarsa ta farko a Houston, wane ɗan adam ne zai koyi karatun fili a haka? In masu tare masa biyar ɗin nan ba su da ƙwari ku fara gyara su, ko ku zaunar da shi. Green Bay ta zaunar da Aaron Rodgers shekara uku, ta sake zaunar da Jordan Love shekara uku.

Kallon guntayen bidiyon YouTube kuwa ba bincike ba ne, mai haɗa bidiyo ba ya saka jifan da abokan hamayya suka cafke, ku nemi wasa cikakke wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ku ga me ya yi da aka matsa masa.

Akwai kuma waɗanda ba sa duba kwantiragi. Sabon ɗauka shekara huɗu yake sa hannu a kan kuɗi kaɗan, na zagayen farko kuma ƙungiya na da damar ƙara masa ta biyar, shi ya sa gurbi na 32, na ƙarshe a zagayen farko, da Baltimore ta hau ta ɗauki Lamar Jackson a 2018 ya fi na 33 daraja nesa ba kusa ba. Waɗannan shekarun na araha su ne lokacin zuba kuɗi a kan masu tare masa da masu cafke ƙwallo, ba lokacin ajiya ba.

Ɗaya kuma da nake gani har ga tsofaffin hannu, jin kunyar amsa kuskure. Arizona ta ɗauki Josh Rosen a lamba 10 a 2018, shekara na zagayowa ta ɗauki Kyler Murray a lamba 1 ta sayar da Rosen ga Miami. Wani ɗan uwa a gasarmu kaka ta uku ke nan yana riƙe da yaron da ba ya ci gaba, don kawai ya kashe zaɓe biyu a kansa, na yi masa magana a bara, bana ma na sake yi, gurbi na 4 ne a hannunsa kuma har yanzu cewa yake mai gudu da ƙwallo zai ɗauka, ba kwatabak ba.