Yadda ake gadon hayar gidan ƙaramar hukuma a Ingila idan mai haya ya rasu

Idan mai haya a gidan ƙaramar hukuma ya rasu a Ingila, gidan ba ya shiga cikin dukiyar da magada za su raba, domin na hukuma ne. Abin da ake gada shi ne izinin ci gaba da zama, kuma sau ɗaya tak doka ta yarda a gaje shi.

Da farko a lalubo takardar yarjejeniyar haya a duba ranar da aka ƙulla ta. Idan kafin 1 ga Afrilun 2012 ne, Dokar Gidaje ta 1985 ta fifita matar mamacin ko mijin mamaciyar, sannan ta ba ɗa, jika, iyaye, ɗan'uwa, kawu ko gwaggo dama, muddin sun zauna tare da shi wata 12 cur kafin rasuwarsa. Idan kuwa daga wannan rana ne zuwa yau, wata doka ta 2011 mai suna Localism Act ta taƙaita haƙƙin ga mata ko miji ko wanda suke zaman tare kamar ma'aurata, sai fa in yarjejeniyar ta ƙara wasu. Auren da aka ɗaura a masallaci a Ingila ba tare da rajistar hukuma ba, zaman tare ake ɗaukarsa, don haka a tsohuwar yarjejeniya sharaɗin wata 12 yana kan matar.

Inda iyalai suka fi shiga tasku shi ne maganar sau ɗayan nan. Idan sunan uba da na uwa ne a takarda, uban ya rasu hayar ta koma hannun uwa, an riga an yi gadon ke nan. Ranar da ita ma ta cika, 'yar da ta yi shekaru tana jinyarta a ɗakin ba ta da hurumi a doka, sai dai ta roƙi hukumar ta duba halinta.

Bayan an yi rajistar rasuwa, a sanar da ofishin gidaje a rubuce, a haɗa da hujjojin zama: takardun banki, wasiƙun likita, takardar albashi, da rajistar zaɓe masu ɗauke da adireshin gidan. Ina jaddada cewa kada a miƙa makulli, kuma kada a sa hannu a wata takarda kafin a nemi shawarar ƙungiyoyin agaji masu ba da shawara kan sha'anin gidaje, wato Shelter ko Citizens Advice.

Magajin da ba mata ko miji ba, idan gidan ya fi ƙarfin buƙatarsa, hukuma tana iya ba shi sanarwar tashi tsakanin wata 6 zuwa 12 bayan rasuwar, amma wajibi ne ta samar masa da wani muhalli da ya dace.