Yadda ake hana solenoyid ƙonewa a piyano mai kaɗa kansa

Yawancin matasan da na ga sun gwada haɗa piyano mai kaɗa kansa a Marwa da Garwa wuri ɗaya suke faɗuwa: suna sakar wa solenoyid (naɗaɗɗiyar waya mai jan sandar ƙarfe ta danna maɓalli) wuta gaba ɗaya tun daga buga maɓalli har sakinsa. Kafin waƙa ta ƙare warin ƙonanniyar waya ya tashi, robar ciki ta narke, sandar ƙarfen ta maƙale. A watan Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ko minti biyar ba a kaiwa.

Fara da MOSFET (transista mai buɗe wa solenoyid wuta da rufewa), ka ajiye rile (makunnin da maganaɗisu ke motsawa) gefe, don rile ba ya iya rage ƙarfin bugu. IRLZ44N nake sa wa, don bolt 5 na Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai ba da umarnin bugu) yana buɗe shi sosai. IRF540 ya fi samuwa wajen masu gyaran rediyo, amma rabin buɗewa yake yi, sai ya ɗau zafi. Sa rezista mai om 220 a ƙafar get (ƙafar MOSFET da ke karɓar umarnin Arduino), wata mai om 10,000 daga get zuwa ƙasa (wayar negatif, GND). Kowane solenoyid da diyod ɗinsa mai kare MOSFET daga wutar da ke dawowa idan an yanke, 1N5822 in ka samu.

Ga inda aikin yake. Solenoyid yana bukatar wuta mai yawa ne a farkon tafiya kawai, lokacin da sandar ke nesa. Da zarar ta shige ciki, wuta kaɗan ta isa ta riƙe ta. Saboda haka raba bugun gida biyu: ka ba shi ƙarfi na milisakan 20 zuwa 40, sannan ka sauke PWM (kunna wuta da kashe ta da sauri don rage ƙarfinta) zuwa wajen kashi 25 cikin 100. In ka rage wutar da rabi, zafin kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ɗora yatsa a jikinsa bayan waƙa guda. In ba ka iya barin yatsan a kai, ƙara saukewa har dab da inda maɓallin zai kuɓuce.

Ƙarfin bugun farkon nan shi za ka ɗaura da lambar ƙarfi ta MIDI (tsarin saƙon da ke faɗin maɓallin da za a buga da ƙarfinsa), 1 zuwa 127. Kada ka ba maɓallai 88 awo ɗaya. Gudumomin da ke bugun tsirkiya a ɓangaren hagu sun fi nauyi, ga ƙurar hunturu da ke sa wasu tauri. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta mafi ƙarancin wutar da ke fitar da sauti. Aikin yini ne, amma ba makawa.

Bugu mai taushi yana makara. Disklavier, piyano mai kaɗa kansa na kamfanin Yamaha, yana jinkirta komai da rabin sakan don ya daidaita wannan, kai ma yi haka.

PWM na Arduino Uno wajen hez 490 yake, yana fito a kunne, ɗaga shi zuwa 20,000. Tsohon akwatin wutar kwamfuta mai bolt 12 ya isa gwaji, kuma da araha. Haɗa ƙasansa da na Arduino, sa fis, sannan ka rubuta umarnin da zai yanke wuta ga duk maɓallin da ya wuce sakan 10 a danne.