Yadda amarya za ta shirya idan biki saura mako huɗu

Da zarar biki ya rage wata guda, ki fara bin ayyukan da suke hannun wasu: asibiti, tela, kafinta. Naki na hannu zai iya jira.

Fara da gwajin jini, ke da angon. A Kano doka ce tun 2024, ana duba rukunin jini saboda sikila, da cutar hanta, da ƙanjamau. Ko a garinku ba doka ba ce, ku yi. Sakamakon da ya nuna AS da AS, wato ku biyun kuna ɗauke da ƙwayar sikila, yana buƙatar zama da iyaye da likita cikin natsuwa, kuma natsuwa ba ta samuwa bayan an raba kati.

Sai tela, inda na ga amare da yawa sun zubar da hawaye. Ranar karɓar ɗinki ki sa ta kwana goma kafin kamu, kada ki yarda da "ki zo ana gobe". Kada ki zube wa mutum ɗaya kayan kamu da na walima da na kai amarya, ki raba wa teloli biyu. Ba da rabin kuɗi, cikon sai kaya sun zo hannu. Awon da aka yi miki wata uku baya ba shi da amfani yanzu, domin wata amaryar zirga-zirga ke ramar da ita, wata kuma kayan gyaran jiki ke sa ta ciko. A sake awo. Ranar karɓa ki sa kayan a can, da takalmin da za ki taka ranar. Ki zauna, ki tashi, ki ɗaga hannu, a ja zif sama da ƙasa. Rigar da ta zauna daidai kina tsaye tana iya ɓarkewa a hammata da zarar kin durƙusa gaida iyaye. In bikin ya faɗo dab da Sallah, ƙara mako guda a kan duk lissafin nan.

Anko kuwa a yanko shi lokaci ɗaya. Atamfar da kika gani yau a Kantin Kwari tana iya ƙarewa kafin mako ya zagayo, wadda za a kawo daga baya kuma launinta ya ɗan bambanta. Wadda ba ta turo kuɗi ba kada a yanka mata, bashin anko ba ya dawowa. Rigar dina ma, a ganina haya ta fi, tunda sawa ɗaya ce.

Kafin ranar jere a tura wani da tef ya auno ɗakin da faɗin ƙofa, a ba kafinta. Ba daɗi a sauke gado da sif a ƙofar gida sannan a gane ba sa shiga. Fenti ya bushe tukuna, a kuma duba ruwa da wuta.

Dilka da halawa a fara da wuri. Makon ƙarshe kada ki gwada sabon mai ko sabulu, ko wa ya yaba shi, ƙuraje ba sa jin lallashi. Lalle kwana biyu kafin fara taro ya isa.

Ɓangaren maza a tuna musu su tsayar da waliyyi da wakili, su sanar da liman lokaci, sadaki da goro da alewa su kwana a hannun mutum ɗaya. Motocin kai amarya a sha musu mai tun da rana, wayarki kuma ki miƙa wa babbar ƙawa.