Yadda Ake Koyon Rawar Lindy Hop Tun Daga Takun Farko

Da yawa daga cikin masu sha'awar Lindy Hop wani ɗan guntun bidiyo ne ya ja su: ƙungiyar Whitey's Lindy Hoppers a fim ɗin Hellzapoppin' na 1941, maza na cilla mata sama suna tarewa, kiɗa kuma ba ya jiran kowa. To, ajiye wannan a gefe tukuna. Frankie Manning, wanda ya tsara rawar wannan fage, shi ne ya fara shigo da cilla abokiyar rawa sama a wajajen 1935, amma don gasa da nuni aka tanade shi. Abin da jama'a ke yi kowane dare a filin rawa, a ƙasa ake yin sa.

Lindy Hop rawa ce ta baƙaƙen fatar Amurka, ta taso a unguwar Harlem ta birnin New York a ƙarshen shekarun 1920, ta gaji abubuwa da dama daga rawar Charleston wadda ta game ƙasar tun 1923. Gidanta shi ne zauren Savoy, wanda aka buɗe a 1926 aka rufe a 1958. A can baƙi da fari ke rawa wuri ɗaya a zamanin da wariyar launin fata ke tashe, kuma dandamalin makaɗa biyu ne, wannan na ajiyewa wancan na ɗauka. Mutum biyu ke yin ta, jagora da mai bi. Ba dole sai namiji da mace ba. Miji da mata na iya koya a falonsu, haka ma 'yan'uwa mata biyu ko abokai maza.

Mataki na ɗaya: kunne

Nemi kiɗan jaz na manyan ƙungiyoyin shekarun 1930, irin na Count Basie ko Chick Webb, wanda ƙungiyarsa ce ke riƙe da Savoy. Zaɓi mai matsakaicin sauri, bugu 120 zuwa 140 a minti. Zauna ka ƙirga ɗaya zuwa takwas, ka sake, har ka fara jin inda jimlar kiɗan ke farawa. Sannan ka tafa a kan biyu, huɗu, shida da takwas. Hannu zai so ya faɗa kan ɗaya da uku, kar ka bar shi.

Mataki na biyu: tsayuwa

Ɗan lanƙwasa gwiwa, ka tura ƙugu baya kaɗan, ƙirji ya ɗan rinjayo gaba, nauyinka ya zauna a gaban tafin ƙafa. Masana tarihin rawa na danganta wannan tsayuwa da raye-rayen da bayi suka tafi da su daga Afirka, don haka ba lalle jikinka ya ji ta baƙuwa ba. Daga nan ka riƙa ɗan nutsawa da kowane bugu. Ƙasa ake nutsawa, ba tsalle ake yi ba, kuma ɗan kaɗan ne, yadda wanda ke nesa da ƙyar zai lura.

Takalmi ya zama marar tsini, mai santsin ƙasa. Na roba mai kama siminti gwiwa yake murɗewa idan an zo juyi. Daɓen katako ya fi. In babu, tayil da safa ma sun isa a fara, a dai yi hattara da zamewa.

Mataki na uku: taku iri biyu

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, kai kaɗai, domin kusan komai daga waɗannan biyun aka gina shi. Zan yi bayani da ƙafar jagora, wanda ke farawa da hagu. Ga mai bi, da ƙafar dama ake farawa, sai a juya komai.

Na farko takun baya ne, bugu biyu yake ci. A kan ɗaya ka mayar da ƙafar hagu baya ka ɗora mata nauyi, a kan biyu ka dawo da nauyin kan ta dama da ke inda take. Kada takun ya wuce tsawon tafin ƙafa. Sabon shiga yakan zuba ƙafa can baya, kafin ya dawo kiɗa ya wuce shi.

Na biyu taku uku ne cikin bugu biyu: hagu, dama, hagu, ko dama, hagu, dama. Ba a raba su daidai wa daida. Na farko dogo ne, na tsakiya gajere, na ƙarshe dogo: taam, ta, taam. Wannan ɗan ɗingishin shi ne ɗanɗanon kiɗan, kuma idan ka saurari farantin ƙarfen da mai ganga ke bugawa za ka ji shi a can. Gwada kanka da wannan: bayan kowane taku, ka iya ɗaga ɗaya ƙafar ba tare da ka yi tangaɗi ba? Idan ba ka iya ba, nauyinka a tsakiya ya maƙale, kuma abokin rawarka ba zai taɓa gane inda ka nufa ba.

Mataki na huɗu: haɗa su

Tsarin bugu shida: takun baya (1, 2), taku uku zuwa hagu (3 da 4), taku uku zuwa dama (5 da 6). Tsarin bugu takwas: takun baya (1, 2), taku uku (3 da 4), taku biyu sak (5, 6), taku uku (7 da 8). Makarantu da yawa da na shida suke farawa don ya fi sauƙi. Ni dai na fi son a shiga na takwas da wuri, saboda shi ke tafiya daidai da jimlar kiɗa, wanda kuma ya daɗe a shida yakan sha wuyar sabawa da ƙarin takun nan biyu.

Mataki na biyar: riƙo

Jagora ya sa tafin hannun dama a bayan mai bi, wajen ƙasan allon kafaɗa. Mai bi ta ɗora hannun hagu a kan damtsensa ko kafaɗarsa, ta riƙe nauyin hannunta da kanta. Hagunsa da damanta su haɗu a daidai ƙugu, yatsu a lanƙwashe, ban da matsi da babban yatsa.

Hannu ba shi ke jagoranci ba. Jagora ya motsa gangar jikinsa, hannu ya isar da saƙon kawai. Kamar igiyar guga ce: ta yi sako-sako ba ka san inda guga yake ba, ka fizga kuma ruwa ya zube. Mai bi kuma kada ta yi hasashe. Ta ci gaba da tafiya inda aka aika ta har sai ta ji an sauya. Ku yi waƙa guda kuna tafiya kawai, gaba, baya, gefe, ita idonta a rufe. Abin dariya ne a farko, amma ya fi darussa da dama amfani.

Mataki na shida: Swingout

Wannan shi ne ƙashin bayan Lindy Hop, bugu takwas ne. Kuna fuskantar juna, hannu ɗaya a riƙe. A 1 da 2 jagora ya yi takun baya, wanda shi ke janyo mai bi ta taho gaba. A 3 da 4 ya kauce mata daga hanya, ya tare bayanta da hannun dama, su yi rabin zagaye suna kallon juna. A 5 ya ci gaba da juyawa ya sake ta, a 6 tana kan hanyar komawa inda ta fito. A 7 da 8 kowa ya yi taku uku, hannu ya sake ɗan miƙewa, a shirya wani zagayen.

Matsala kusan kullum a 5 take. Jagora kan manta ya saki, ko ya ture ta da ƙarfi. Buɗe hannu kawai, saurin da ta taho da shi zai kai ta. Kuma a bugu na 7 da 8, da 1 da 2 na gaba, mai bi ke da sararin yin nata ado, kamar murza ƙafafu da ƙugu da matan Savoy suka shahara da shi. Norma Miller, wadda ta rasu a 2019, tana cikinsu.

Mataki na bakwai: Charleston, sannan fili

Idan kiɗa ya yi sauri har taku uku ya gagara, sai a koma Charleston gefe da gefe: takun baya, shuri gaba da hagu a taka, shuri gaba da dama, a janye ta, shuri baya, a taka. Bugu takwas ke nan. Shurin daga gwiwa yake fita, ƙasa-ƙasa.

Daga nan nemi mutane. Rawar ta farfaɗo a shekarun 1980, lokacin da matasa daga Amurka, Ingila da Suwidin suka nemo tsofaffin Savoy, ciki har da Manning wanda ya shafe kimanin shekara 30 yana aiki a gidan waya, ya kuma ci gaba da koyarwa har rasuwarsa a 2009. Bidiyoyin darussansa na nan a YouTube, kuma ƙauyen Herräng na Suwidin na karɓar masu koyo duk bazara. A aji, ana sauya abokin rawa bayan 'yan mintuna. Ka yarda da hakan, domin mutum biyu da ba sa rawa da kowa kurakuran juna suke haddacewa. A filin rawa kuwa ka nemi izini kafin ka kama hannun wani, in an ce a'a ka karɓa, in wuri ya cika ka rage taku, kuma kada ka gyara wa kowa rawa sai ya tambaye ka.