Sabon Zuwa Akra, Ka Ware Rana Ɗaya Ka Hau Dutse

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sukan shekara a unguwar Nima ko ta Madina a Akra, daga masallaci sai kasuwa sai ɗaki, ba su san cewa duwatsu masu sanyi na nan kusa da su ba. Wannan yana damuna, domin zafi da cunkoson zango suna gajiyar da baƙo tun bai gama zama ba.

Ka fara da garin Aburi. Daga tashar Madina akwai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, cikin kamar awa guda ka hau tudun Akuapem, ka ji iska ta sauya. Lambun itatuwan da aka buɗe a 1890 yana nan, ya dace a kai iyali.

In ƙafarka ta yi ƙwari, sai yankin Volta. Mota za ta bi da kai ta gadar Adomi zuwa Hohoe, daga nan a ƙarasa Liati Wote, gindin dutsen Afadjato, dab da iyakar Togo. Babu ƙanƙara a kansa irin ta duwatsun Suwizalan, amma kada ka raina shi: hawan a tsaye yake, wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ko Maraɗi zai ji a cinyoyinsa. Ka fita da sassafe bayan asuba, ka ajiye silifa da babbar riga, ka sa takalmi sau-ciki mai kama ƙasa. Ruwan sha ya fi abin da kake zato. A ofishin ƙauyen ake biyan kuɗin shiga a haɗa ka da ɗan rakiya. Ka bi shi, ya san inda ƙasa ke santsi. Ka riƙe takardar shaidarka, domin akwai shingayen jami'an shige da fice a hanyar.

Ba nisa daga nan akwai ruwan Wli mai zubowa daga kan dutse, jemagu sun rufe bangonsa. Tafiyar ta cikin kurmi ce, mai sauƙi, har dattijo zai iya.

Da damina, wajen watan Yuni, hanya na santsi. Da hunturu kuma hazo kan rufe maka gani daga sama. Abinci kuwa, ka yi guzuri a zangon Hohoe, inda za ka sami masallaci da naman da hankalinka zai kwanta da shi, ka ɗauki dardumar salla a jaka.